Fuskar Da Aka Ara Wa Sajo

Legas, farkon watan Mayu

Zuwa ga taubashiyata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa nan mai yawa, wadda ta fi ƙarfin halinki, amma ya zan yi da ke tunda jini ya haɗa. Ya Kabo, ya maigidan, ya ɗaliban da kike gana wa azaba da lissafi? Ya jikin Gwaggo Hauwa? An ce min idon ya ƙara matsa mata, Allah Ya kawo sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau. Baba ma ƙafar ta yi dama, kullum sai mitar ruwan Legas da ba ya ɗaukewa.

Kin ce in daina tsare ki da doguwar hira a waya, wai yanzu a wajenku duk wanda ya kafa waya a kunne ya koma gefe sai an bi shi da ido. To ga takarda, dama ni mutuminta ne. Jibirin direba zai kawo miki idan ya sauke shanunsa ya juyo.

Kun daɗe kuna cewa Sagiru ya yi gemu bai daina zanen yara ba. To zanen yaran ya kai ni gaban wani kamfanin buga littattafai, sun ce in kawo littafi sukutum. Irin wanda ake ba da labari da zane ne, a yanka shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutum kuma a rubuta ta kusa da bakinsa. Na manya ne, kada ki fara. Labarin kakanmu Sajo zan yi, zamansa a yaƙin Bama, wanda Turawa suka kai su can bayan teku.

Kin tuna ɗan abin da yake ba mu a bakin turken shanu? Ya ɓace a daji, abokan gaba suka kama shi, ya zauna a cikinsu yana kula musu da alfadarai, rannan sai ga shi ya dawo wa rundunarsu da layarsa a dantse, ko ƙwarzane babu. Daga nan sai ya hau jan carbi. Sauran ni zan ƙirƙira. A littafina ba kama shi aka yi ba, tura shi aka yi leƙen asiri. Hatimin da ke cikin layar kuma taswira ce a ɓoye, kowane gida yana nufin wani wuri a dajin, duk wanda ya gani sai ya ɗauka rubutun malamai ne kawai. Ki faɗi gaskiya, bai burge ki ba?

Matsalata biyu. Sajo bai bar hoto ba, ya ƙi mai hoto har ya koma ga Allah. Idan na rufe ido ina ganin gemunsa da sandarsa, fuskar ce ta ƙi zuwa. Amma kowa ya san yayanki Abdulmumini ne ya kwaso shi kaf, har dogon wuyan da karkata kai idan yana saurare. Ki ɗauko min hotonsa, gaba da gefe, ki turo.

Ta biyun ita ce mai wuya. Layar tana dantsen Yaya, tunda shi Sajo ya ɗaura wa da hannunsa. Ina son in ga abin da ke ciki. Na gwada ƙirƙiro hatimi da kaina, duk sun fito kamar zanen gado. Na san za a yi surutu, amma ke ce mai bakin gidan nan, ki san yadda za ki yi.

Ki gaida Gwaggo da kyau. Na sa miki atamfa a ledar, ba cin hanci ba ne.

Naki,
Sagiru

Kabo, tsakiyar watan Yuni

Sagiru sarkin rigima,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin shanu. Muna lafiya, maigidana Malam yana gaishe ka. Inna kam sai a hankali, idon hagun dishi-dishi take gani da shi. An yi shuka, gero ya fito da kyau. Ka gaida Kawu, ka ce idan ruwan ya ishe shi ya aiko mana da ragowar. Atamfar ta yi kyau, kuma cin hanci ce, na karɓa.

Ranar Juma'a na je Unguwar Sajo. Hanyar bayan Getso duk ta jiƙe, sai da na tattare zani. Na tarar da Yaya ya dawo daga gona yana ba wani maraƙi dusa. Da na faɗa masa, sai ya tsaya baki buɗe ya ce, “Ni za a sa a littafi?” Kafin in yi magana ya faɗa ɗaki ya fito da hular Sallarsa, ya ƙame kamar mai jiran gwamna. Na ce Yaya cire hular nan, Sajo a daji yake, wa ya ga ɗan leƙen asiri da zanna bukar? Ya cire, amma wallahi ba da son ransa ba. Hotunan da na turo maka sun fito sarai, har tabon ƙahon nan na girarsa.

Maganar laya kuwa a kunnen Inna na yi ta, kuma na yi da-na-sanin hakan. Ta ajiye tsintsiya ta ce, “Ba a buɗe laya. Uban da ya haife ni ya je har bayan teku da ita bai buɗe ba, ku su wane ne?” Na ce Inna hoto kawai za a ɗauka a mayar. Ta ce ita dai ta faɗa. Yaya ya yi dariya ya ce, “Inna, takarda ce da tawada, Allah ke tsarewa. Yaron nan tunda yake bai taɓa roƙona komai ba.” Ya kwance ta ya damƙa min. Ka san halinsa, da ka ce rigar jikinsa kake so da yanzu tana Legas.

Na kai wa wani tsohon baduku a kasuwar Kabo. Fatar ta yi baƙi ƙirin, zaren yana taɓawa ya ruɓuɓɓushe. Takardar ciki ta yi ja kamar an tsoma ta a ruwan goro. Gida tara ne, ka dai gani, da haruffa da tauraro a kusurwoyi. Ba zan ɓoye maka ba, da ya warware ta gabana ya faɗi, ni da nake koyar da kimiyya. Na ɗauki hoto da sauri, ya naɗe ya ɗinke. Baƙin zare ya ƙare masa, sai ya sa ja. Na mayar wa Yaya, ya ce ai ta fi kyau haka.

Abu ɗaya. Fitinar nan ta wajen iyakar Katsina tana matsowa. 'Yan sa-kai sun sa shinge a hanya suna duba wayoyin mutane. Mu da ake ce wa jikokin masu shanu an fi daɗewa a kan tamu, alhali Sajo ya riga kakannin wasunsu kafa garma a ƙasar nan. Shugabansu Mudassir ne, wanda kuka yi firamare tare, mai kuka idan an karɓe masa ƙwallo. Yanzu bindiga ce a kafaɗarsa.

Ka zana mana kakanmu da kyau. Idan ka yi masa hanci irin naka ban yafe ba.

Taubashiyarka,
Naja'atu

Legas, ƙarshen watan Yuli

Naja,

Sallama da gaisuwa. Ya damina, ya Malam, ya Gwaggo da Yaya? Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun, tunda hotunan nan suka shigo ban san dare ba ban san rana ba.

Ke, hatimin nan! Ina ganinsa na watsar da duk abin da na zana a baya. Yanzu kowane muhimmin shafi gida tara nake yanka shi, kamar shi. Akwai wanda na gama wanda ban taɓa yin kamarsa ba. A gidan tsakiya ga Sajo a tsugune, yana zana hatimin a ƙasa da yatsa, yana nuna wa abokan gaba hanyar shiga sansanin rundunarsu. Su kuma sun kewaye shi da bindigogi. Na naɗe musu fuska da ƙyalle saboda sauron dajin, ido kawai ake gani, na yi su baƙaƙe kamar inuwa don ba su ne labarin ba. Mai karatu zai ɗauka ya ci amana, sai ya juya shafi ya ga tarko ne ya kai su.

Ban taɓa ganin dajin Bama ba, hotunan da na samu kuma ba su da rai. Sai na ara masa namu. Kin tuna tsagaggen dutsen nan na bayan unguwa, da kukar da ta jingina da shi, inda muke kai awaki? Shi na sa a bayansu. Fuskar Yaya kuwa ta zauna ɗas, har tabon na bar masa, ya ƙara masa kwarjini.

Kamfanin sun ce a saki shafi ɗaya a intanet don a ja hankalin mutane, na ba su wannan. Naja, dubbai sun gani! Har daga ƙasashen waje ake rubuto min. Maganganun da Turanci suke tukuna, na Hausa sai an buga. Ki nuna wa Yaya, ki ce masa ya zama tauraro.

Wani albishir ɗin, an gayyace ni Dakar, baje kolin masu zane da horo na wata guda. Layina ba zai yi aiki a can ba, kuma na yi niyyar kashe wayar ma in huta da surutu in ƙarasa littafin. Idan na dawo zan zo gida da shafukan a hannu, in ga idon Gwaggo idan ta ga babanta.

Naki,
Sagiru

Kabo, watan Agusta

Sagiru,

Assalamu alaikum. Da rai muke, iyakar abin da zan iya cewa ke nan. Na kira layinka da wayar Malam har na gaji, sai daga baya takardarka ta zo na ga ba ka ƙasar. Ka karanta wannan a zaune.

Ranar Talatar da ta wuce mutanen daji suka shiga Gidan Baƙo, ƙauyen da ke gaba da namu. Sun kashe mutane, sun kora shanu, sun tafi da mata. A cikin matan har da Kamila matar Mudassir, da goyonta. Dawa ta yi tsawo, ba wanda ya ga zuwansu, amma sawun baburansu ya nuna ta gindin tsagaggen dutse suka biyo.

Washegari zanenka ya fara yawo a wayoyi. Ba shafin duka ba, gidan tsakiyar kawai aka yanko. Wani ya ɗora murya a kai yana cewa ga infoma Allah Ya tona. Turancinka ba wanda ya karanta, an ma yanke rabinsa. Abin da mutane suka gani shi ne Abdulmumini a tsugune, masu bindiga da naɗaɗɗiyar fuska sun kewaye shi, yana zana musu hanya, ga dutsen da kowa ya sani a bayansu.

A gona suka kamo shi. Allah Ya sa dagaci ya ji da wuri, ya ce a kawo shi ƙofar gidansa. Na bar aji na hau mashin, na tarar da taro. Na ratsa maza na shiga, ban san ina da wannan ƙarfin halin ba. Na ce jama'a zane ne, ƙirƙira ce, kakanmu ne a yaƙin da aka gama kafin a haifi iyayenmu. Mudassir ya kalle ni, idonsa ja wur, ya ce, “Malama, kakan naku shi ma bijimi ne ya tsaga masa gira?” Na ce fuska aka ara. Ya ce, “Dutsen fa, shi ma a Bama yake?” Wani daga baya ya ce ai ɗan'uwansu ne ya zana, ya san sirrin gida, tsoron faɗa da baki ya sa ya faɗa da hoto.

Sai wani ya hango layar a dantsensa. Suka tsinke ta, suka farke a gaban kowa, suka ɗora takardar kusa da wayar. Gida tara, harafi da harafi, tauraro da tauraro. Yaya ya ce, “Ta kakana ce, ta fi shekara tamanin.” Mudassir ya ɗaga fatar sama ya ce, “Shekara tamanin, da jan zaren da ko datti bai yi ba? Wa kake buɗe wa kana rufewa?”

Na ce ni na kai aka buɗe. Aka aika aka ɗauko badukun. Ya dube ni ya rantse bai taɓa ganina ba. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya. Suka karɓi wayata, suka ga hoton hatimin da na Yaya gaba da gefe, wani yaro ya maka ta da ƙasa ya taka. Ba don Malam ya zo ya janye ni ba da ban san inda abin zai tsaya ba.

Yanzu Yaya yana zauren dagaci, shi ya ce a bar masa shi amana har a bincika. Ban san kwana nawa zai iya riƙe mutane ba.

Ka zo. Ka zo da kanka, da duk takardun littafin tun daga na farko, ka tsaya a ƙofar dagaci ka zana wani a cikinsu a gaban idonsu, ka ɗora shi a kan doki ko a jirgin sama, su ga yadda hannu ke ƙirƙirar abin da bai faru ba. Nan sai an ga mutum ake yarda da shi. Kuma don girman Allah kada ka sake sakin komai a waya. Duk abin da ya shiga waya ba ka da iko da shi.

Naja'atu

Kabo, bayan mako guda

Sagiru,

Sallama. Jibirin ya ce ya tarar da ɗakinka a kulle, ya tura takardar ta ƙasan ƙofa. Bai faɗa wa Kawu ba saboda hawan jininsa. Ga wata, ko Allah zai sa ka dawo.

Kamila ba ta dawo ba. Kullum da yamma samari suna taruwa a ƙofar dagaci, zama kawai suke yi. An daina sayen nonon gidanmu. Yaran Yaya sun daina zuwa makaranta. Inna ta koma cin abinci kamar tsuntsu.

Jiya an bar ni na kai masa tuwo. Ya rame, leɓensa a fashe. Tambayarsa ta farko wa ke ba maraƙin nan dusa. Sannan ya ce, “Ki ce wa Sagiru kada ya sa abin a ransa, shi alheri ya nufa.” Ni kam ban ce maka kada ka sa ba. Haushinka nake ji, da nawa, har ba na iya barci. Kana can ana tafa maka.

Ka zo.

Naja'atu

Legas, farkon watan Satumba

Naja'atu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah Ya sa wannan ta same ku da sauƙi.

Shekaranjiya na sauka. Ina kunna waya a filin jirgi saƙonni suka yi ta shigowa, zagi, tsinuwa, da muryar nan a kan zanena. Na zauna a ƙasa a wurin. Na kira layinki a kashe, na Malam ba ya ɗauka. Na sa kamfanin suka cire shafin, amma na san ya riga ya bazu.

Dole in faɗa miki abin da na yi, don a lokacin ban ga takardunki ba, sai da na iso ɗaki na tarar da su a ƙasa. Tun a filin jirgin na saki shafi na biyu. Shi ne wanda sojoji suka taso daga cikin ciyawa, masu naɗaɗɗiyar fuskar suna zubewa, Sajo yana tsaye kusa da hafsan soja yana nuna su da yatsa. Na rubuta da Hausa, manyan baƙaƙe, cewa mutumin nan ba maci amana ba ne, yaudararsu ya yi ya kai su hannun soja. A ƙasa na yi bayanin cewa labarin kakana ne na zamanin Turawa. Na ga kin ce kada in saki komai. Amma wannan daban ne, Naja, wannan wanke shi zai yi. Rabin labari suka gani, na ba su sauran.

Maganar zuwa. Na faɗa wa Baba, ya riƙe min riga yana kuka, ya ce idan na je ni za su fara kashewa. Zan iya fakewa da shi, amma ba zan yi miki ƙarya ba: tsoro nake ji. Na ji abin da suke cewa za su yi wa mai zanen. Ki ba ni 'yan kwanaki in ga yadda shafin zai yi aiki, ƙura ta ɗan lafa, sai in biyo Jibirin. Na haɗa takardun duka a jaka, tana bakin ƙofa.

Ki ce wa Yaya ya yafe min. Ki ce wa Gwaggo ma.

Sagiru

Kabo, ƙarshen watan Satumba

Sagiru,

Assalamu alaikum. Na san labari ya riga takardata, Malam ya kira Kawu ranar da abin ya faru. Mun ga saƙon ta'aziyyarka. Allah Ya karɓa. Na ƙi karɓar waya da ka nema, don abin da zan faɗa ba na son a katse ni.

Shafinka ya yi aiki, ka ji daɗi. Kwana biyu da fitarsa gari ya juye. Bayanin da ka yi a ƙasa an yanke shi kamar yadda aka yanke na farko, manyan baƙaƙen kawai suka rage. Ba wanda ya ce ashe zane ne. Cewa aka yi ashe Abdulmumini na soja ne. A makon kuma aka yi dace sojoji sun kai farmaki wani sansani a dajin, aka kuɓutar da mutane, har da Kamila, duk da goyon bai rayu ba. Shi ke nan, magana ta haɗu. Mudassir da kansa ya je zauren dagaci ya riƙe hannun Yaya biyu yana hawaye, yana cewa, “Ka yafe mana, ashe namu ne kai.” Yaya yana ta cewa, “Ni ba na kowa ba ne, ni manomi ne, ban san soja ba ban san ɗan daji ba.” Suka yi ta murmushi suna cewa ai dole ya faɗi haka. Da rakiya aka kai shi gida, har da masu kabbara.

Ni tun a ranar na hango abin da ke tafe. Sagiru, a daji ma akwai waya.

Na roƙe shi ya taho Kabo ya zauna da mu, ko ya wuce Kano. Ya ce gero ya nuna, idan ya tafi wa zai yanka, tsuntsaye sun fara sauka. Ya ce kwana kaɗan ne. Ranar Asabar ya fita da laujensa bayan ya karya kumallo. Da azahar ta wuce bai dawo ba aka bi sawu. A gindin tsagaggen dutse aka same shi, an jingina shi da kukar. Ba zan rubuta maka yadda aka bar shi ba. Kai mai zane ne, ba na so ka samu abin zanawa.

Yawancin mutane sun ce na daji ne suka rama. Wasu kuma suna raɗa cewa akwai 'yan Gidan Baƙo da ba su taɓa yarda da shafi na biyun ba, na farkon suka riƙe. Ban sani ba, kuma ba na jin za mu taɓa sani. Kowane ɓangare ka ba shi shafinsa.

Ba laya a dantsensa, tana can a farke a aljihun dagaci. Na jira Inna ta ce ai na faɗa muku. Da ta faɗa da na samu sauƙi. Ba ta faɗa ba har yau, sai dai idan na shiga ɗakin ta matsa min tabarma.

Kada ka zo yanzu. Lokacin da zuwanka zai yi amfani ya wuce, kuma ba za mu iya ɗaukar gawa ta biyu ba. Kada ka tambaye ni ko na yafe. Shi ya yafe maka tun yana zaure, ka riƙe wannan. Littafin kuma ka yi yadda ka ga dama da shi, Sajo dai ya dawo gida lafiya ya tsufa a cikin jikokinsa, ban san yadda za ka zana wannan ƙarshen da fuskar da ka ara ba.

Saƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki biro, na Inna ne. Jiya ta tambaye ni ko akwai hotonsa. Wayata ta fashe, shi kuma ka san bai damu da hoto ba. Abin da ya rage a garin nan shafukanka biyu ne, a wayar kowa. Na ce mata kana da waɗanda na turo maka. Ta ce wanne, na ranar da ya sako hula? Na ce ai na sa ya cire kafin in ɗauka. Sai ta ce, “Da hularsa ya so a gan shi.”

To ka zana mata shi. Zanna bukar ce, ruwan toka da ratsin shuɗi, yana ɗan karkata ta dama. Ka yi shi babba sosai saboda idonta. Ka rubuta sunansa a ƙasa, nasa na kansa, Abdulmumini. Ka naɗe ka ba Jibirin hannu da hannu, kada ta ratsa ta waya. Ba dutse, ba kuka, ba hatimi. Kada ka sa kowa a bayansa.

Naja'atu